Marin Ɗan Sandan Ciki: Daga Allon Talabijin Zuwa Bakin Watari

A ɗaya daga cikin ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Bagwai da ke shan ruwan madatsar Watari, akwai wani dattijo da shekarunsa suka doshi tamanin, wanda ba ya ji da kunnen hagu. In an idar da sallar isha'i yakan zauna a kan benci a ƙofar shagon mai cajin waya, inda hasken sola ke tara matasa kamar yadda fitilar mai shayi ke tara su a da. Abin da ke kai shi wurin shi ne wayar jikansa, ɗalibi a Kano, wanda duk hutun da ya zo yakan taho da ita cike da finafinai. Dattijon ba ruwansa da na soyayya, ba ruwansa da na waƙa. Na 'yan sanda yake so, kuma a cikinsu ma mutum ɗaya yake jira: ƙaton nan mai saurin fushi, wanda ke dukan ƙofa da ƙafa ta ɓalle, ya shaƙo wanda ake tuhuma, ya kwaɗa masa mari, nan take mutum ya shiga zuba bayani. Da zarar ya bayyana sai dattijon ya gyara zama, ya juyo da kunnen dama, ya ce, "Yauwa, ga Samanja nan ya iso."

"Baba Tsoho, wannan fa Ba'indiye ne, Daya sunansa," in ji jikan.

"Ko daga birnin Sin ya fito, Samanja ne. Kai dai ƙaro mana murya."

Jikan bai yi kuskure ba. Daya tauraro ne a cikin CID, wasan kwaikwayon 'yan sandan ciki na ƙasar Indiya, wanda tashar Sony ta nuna daga 1998 zuwa 2018, kashi sama da 1,500. Dayanand Shetty ne ke fitowa a wannan matsayi, kuma abubuwa biyu aka san tauraron da su, ɓalla ƙofa da mari. Amma dattijon ma yana da tasa hujjar, kuma ita ce ta fi dacewa manazarcin adabi ya tsaya a kanta. Ya ɗauki sunan tauraro guda na wasan kwaikwayon Hausa ya mayar da shi sunan jinsi, ta yadda duk wani mai kaki ko mai bindiga a ƙugu da ke daka tsawa a allo ya zama Samanja. Tambayar ita ce, shin sunan ya zauna daidai a kan wanda aka laƙaba wa?

Samanja na ainihi shi ne marigayi Usman Baba Pategi, Banufe daga gidan sarautar Fategi ta Jihar Kwara, wanda ya rasu a Kaduna a watan Nuwamba na 2023. Ya yi aikin soja na gaske kafin jama'a su san shi a shirin Samanja Mazan Fama, da aka riƙa yaɗawa daga Kaduna. Kalmar samanja kanta aro ce daga sunan muƙamin sajan-manjo na Turanci, 'yar'uwar su kofur da saje da kurtu da sufeto, waɗanda duk ta ƙofar bariki suka shigo Hausa. Dattijon Bagwai ya fara ganinsa ne a shekarun 1980, lokacin da yake zuwa cin rani Kano yana ga-ruwa. Yakan tsaya a bayan taron yara a ƙofar gidan da aka fito da akwatin talabijin waje, ya ajiye garwa, ya yi dariya har hawaye. Abin da ya riƙe a ransa shi ne gashin baki, da muzurai, da wata irin Hausa ta bariki da ake cakuɗawa da Turancin buroka, wadda ke ƙara rikicewa gwargwadon yadda ran mai ita ya ɓaci.

Ba a fahimtar wannan dariya sai an tuna da zamaninta. Kafin yaƙin basasa sojojin Nijeriya ba su wuce dubu goma da 'yan kai ba. A ƙarshensa, a 1970, sun kai wajen dubu 250. Barikoki ba su ɗauke su ba, da yawa suka zauna haya cikin unguwanni, kuma ƙasar na hannun soja daga 1966 zuwa 1979, sannan daga ƙarshen 1983 zuwa 1999. Talaka ya san soja a hanya da kasuwa da tashar mota, ya kuma san bulalarsa. Sai ga wani shiri ya kawo masa wannan abin tsoro har cikin akwati, ya nuna shi yana kumfar baki a kan abin da bai taka kara ya karya ba, yana cin tuwo, yana rigima da iyali kamar kowa. Fushin Samanja a kansa yake komawa. Shi ake wa dariya, kuma da saninsa, domin mutumin da ya ƙirƙiro shi ya san bariki ciki da bai. Ta haka shirin ya rage wa kaki kwarjini ba tare da ya ci mutuncin mai shi ba, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne a ƙarƙashin mulkin soja.

To, a nan ne sunan da dattijon ya laƙaba wa Daya ya ɗan goce. Samanja ba mai bincike ba ne. Ba ya gano ɓarawo, ba ya warware kisan kai, kuma tsawarsa ba ta taɓa zama hanyar gano gaskiya ba. Fushin Daya kuwa kayan aiki ne. Ba a yi masa dariyar raini, jinjina masa ake yi, domin marinsa ne ke buɗe bakin mai laifi.

Wannan haɗi na ƙarfi da bincike a jikin mutum ɗaya baƙo ne a adabin Hausa. A tatsuniya da hikaya, gano mai laifi aikin alƙali ne ko na sarki mai hikima, kuma da dabara ake yinsa. Kowa ya san labarin alƙalin da ya raba wa waɗanda ake zargi karare masu tsawo ɗaya, ya ce na ɓarawo zai ƙara tsawo kafin safiya, ɓarawon ya kwana yana gutsure nasa. A rayuwar karkara kuma akwai mai bin sawu, wanda ke duƙawa ya karanta ƙasa, ya bambance kofaton saniya mai ciki da na wadda aka kora da gudu. Dogari dabam yake. Nasa shi ne ya kamo, ya tsare, ya zartar. Ba a tambayarsa ra'ayi a kan wanda ya yi laifi. Ko da talabijin ta zo Kano, wannan rabo bai rushe ba. Shirin da ya fi shahara a kan laifi da hukunci shi ne Kuliya Manta Sabo, kuma zauren shari'a ne dandalinsa, alƙali ne tauraronsa, tambaya da amsa ne makaminsa.

Sunayen da Bahaushe ya raɗa wa jami'an tsaro ma suna ba da wannan shaida. Ɗan sanda da abin da ke hannunsa aka san shi. Ɗan doka da abin da yake tilastawa. Sai ɗan sandan ciki kaɗai ne sunansa ke nuni ga ɓoyo da lura, shi ma a bakin talaka ya fi kusa da mai leƙen asiri fiye da mai warware matsala. Tarihin aikin bai saɓa wa sunayen ba. Rundunar da John Glover ya kafa a Ikko a 1863, wadda aka cika da Hausawa, ta tsare mulkin mallaka ce. An haɗe rundunonin Arewa da Kudu a 1930 aka sami 'yan sandan Nijeriya, amma a ƙasar Kano mutumin ƙauye ya ci gaba da hulɗa da dogarai da 'yan dokan En'e har ƙarshen shekarun 1960, lokacin da gwamnatin soja ta narkar da su cikin rundunar tarayya. 'Yan NEPU na shekarun 1950 sun bar labarai masu yawa game da abin da suka gani a hannunsu.

Kunnen dattijon Bagwai a wannan zamani ya mutu. Yana ɗan shekara goma sha bakwai ko kusa da haka, lokacin kakar gyaɗa, yana dako a rumfar wani mai awo. Da yamma aka ƙirga buhuna aka ce ɗaya ya ɓace. Shi ne ƙarami a cikin 'yan dako, kuma shi ne aka gani ƙarshe a bayan rumfa, inda ya zagaya kama ruwa. Aka kira wani ɗan doka, dattijo mai jajayen idanu da aka sani da rashin wasa, wanda mutane ke yabo da cewa ɓarawo ba ya kwana a garin da yake. Bai yi tambaya ta biyu ba. Mari na farko ya sauka a kunnen hagu, yaron ya ji wani abu ya yi ƙara a ciki kamar an fasa ƙwarya. A na uku ya ce shi ya ɗauka. Da aka tambaye shi inda ya kai, ya ambaci sunan wata kasuwa da ya taɓa zuwa sau ɗaya. Mahaifinsa ya sayar da tunkiya biyu ya biya. Bayan kwana tara malamin awo ya sake duba littafinsa ya ga ashe shi ya rubuta buhu ɗaya sau biyu. An mayar da kuɗin tumakin, ba a cika ba. Ɗan dokan kuwa ya ci gaba da aikinsa da sunansa mai kyau.

In dattijon yana ba da wannan labari ba ya daɗewa a kan marin. Inda yake tsayawa shi ne inda ya ji bakinsa na faɗin abin da bai yi ba. Yakan ce ya yafe wa ɗan dokan tun tuni, mutumin ma ya daɗe a ƙasa, amma har yau yana jin kunyar wannan yaro da ya ƙirƙiro kasuwa da mai saye da farashi, duk don hannu ya daina sauka.

Jikan ya san labarin tun yana ƙarami, shi ya sa abin ke ɗaure masa kai. Wani dare ya kasa haƙuri ya tambaya.

"Baba Tsoho, kai da aka kashe wa kunne da mari, me kake so a wurin mai mari?"

Dattijon ya yi shiru har aka wuce wani fage, sannan ya ce, "Ai su a can ba sa marin wanda bai yi ba."

Duk abin da za a faɗa game da wannan nau'in tauraro yana cikin amsar nan. Ɗan sandan ciki mai zafin rai na talabijin yana da gatan da babu wani jami'i mai rai da ke da shi: marubucin wasan ya riga ya san mai laifi, kuma shi ke nuna masa wanda zai shaƙa. A CID mari yakan zo ne a ƙarshen kashi, bayan likitan binciken gawa da masu ɗaukar zanen yatsu sun gama nasu, ɗan kallo ya riga ya gamsu. Saboda haka marin ba ya gano komai. Hukunci ne da aka sa wa rigar bincike. Ɗan kallo yana fita da darasin da ba a furta ba, cewa mai gaskiya ba ya amsa laifi don an mare shi, kuma wanda ya amsa, to, dama shi ne. Dattijon ya fi kowa sanin ƙarya ce. Abin da yake kallo duniya ce da aka gyara, inda hannun da ya same shi zai sauka a inda ya dace.

Turawan Ingila sun yi nasu irin wannan tauraro, kuma sun fi fito da tsufan ra'ayinsa fili. A shirin Life on Mars na BBC, wanda aka nuna a 2006 da 2007, wani ɗan sandan ciki na wannan zamani, Sam Tyler, ya yi hatsarin mota ya farka a Manchesta ta 1973, a ƙarƙashin wani shugaba mai suna Gene Hunt. Philip Glenister ne ya fito a matsayin Hunt: mashayi, mai ashar, mai raina mata, wanda ya fi yarda da ƙulli da zato fiye da takarda da shaida. An gina shirin ne a kan karon da ke tsakanin mutanen biyu, amma Hunt 'yan kallo suka ɗauka, har aka ci gaba da shi a Ashes to Ashes daga 2008 zuwa 2010. A zaɓen 2010 jam'iyyar Leba ta fitar da hoton David Cameron a siffar Hunt da nufin ɓata shi, sai abin ya juye, 'yan Kwanzabatib suka karɓe hoton suka mayar da shi nasu. Sai dai Ingila ta yi wannan bege ne daga tudun mun tsira. Shekarun da Hunt ke wakilta su ne shekarun da aka ɗaure mutum shida a 1975 bisa harin bam na Bamingam, bayan an tatsi ikirari daga wasunsu da duka, ba a sake su ba sai 1991. Dokar 1984 kan aikin 'yan sanda da shaidar laifi ce ta kawo naɗar tambayoyin da ake yi wa wanda ake tuhuma. Wanda ke dariyar Hunt a Landan ya san ba zai gamu da shi a caji ofis gobe ba.

Ɗan kallon Bagwai ba shi da wannan tabbaci, ko da yake a takarda an ba shi. Sashe na 34 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya haramta azabtarwa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta tanadi a ɗauki ikirarin wanda ake tuhuma a rubuce, ta buɗe ƙofar naɗarsa a bidiyo da halartar lauya, kuma Jihar Kano ta yi tata a 2019. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta sa ɗaurin da zai iya kai shekara 25. Amma da aka rusa rundunar SARS ranar 11 ga Oktoba, 2020, bayan zanga-zangar da ta fi ƙarfi a Kudu, ƙungiyar gwamnonin Arewa ta fito ta ce ita tana ganin amfanin rundunar, kuma ba su kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Mutumin da ake kore wa shanu, ko yake jin labarin 'yan bindiga a ƙauyukan da ke iyaka da Katsina, ba sashe na 34 yake nema ba. Wanda ɓarayi ke tsoro yake nema. Raina wannan buƙata daga ɗakin karatu abu ne mai sauƙi, kuma rashin adalci ne. Sai dai wanda ɓarayi ke tsoro, a mafi yawan lokuta, ɗan dako ma yana tsoronsa.

A ranin da ya wuce aka gwada gidan dattijon da kansa. An sace injin ban ruwa na babban ɗansa daga gonar albasa a bakin Watari, ana tsakiyar shayarwa, lokacin da kwana uku ba ruwa ke iya kashe wahalar wata biyu. Kafin azahar 'yan sintiri sun kamo wani yaro baƙo, ɗan ƙwadago da ke kwana a bukkar wata gona kusa, wanda wani ya ce ya gan shi da dare yana tafiya wajen. Aka zaunar da shi a ƙasa a gindin darbejiya, aka kewaye shi. Jikan nan mai karatu a Kano, wanda ya sha yi wa kakansa bayanin haƙƙin ɗan Adam a kan benci, yana sahun gaba, jijiyar wuyansa a tashe, domin kuɗin makarantarsa a cikin albasar nan yake. Shi ne ma ya ce a ba yaron irin na Daya, zai faɗi inda ya kai.

Dattijon ya iso yana dogara sanda. Bai yi wa kowa wa'azi ba. Ya ratsa taron ya zauna a ƙasa kusa da yaron, ta gefen hagunsa, ya miƙe ƙafafu. Ɗansa ya ce, "Baba, don Allah ka tashi, wannan ba wurin zamanka ba ne." Ya ce, "In an gama da shi sai a tashe ni." Babu wanda zai ɗaga hannu a kan yaron da furfura ke jingine da shi. Aka yi ta gunaguni, daga bisani aka yarda a kai maganar gaban mai gari. Mai gari ya tambayi wanda ya ce ya gani, shin da inji ya gan shi? Ya ce a'a, tafiya dai ya ga yana yi. Aka duba bukkar ba a sami komai ba. Aka nemo wani tsoho da ya iya bin sawu, amma ƙafafun masu neman ɓarawo sun riga sun tattake gonar tun da safe. Da la'asar aka sallami yaron, washegari ya tattara tsummokaransa ya bar garin ko kuɗin aikinsa na mako bai tsaya karɓa ba.

Ba a ga injin ba har yau. Rabin garin na cewa tafiyar yaron ita ce shaidar shi ne, sauran na cewa kowa aka yi wa haka zai tafi. Gidan ya yi hayar injin maƙwabci da tsada, duk da haka gefe guda na albasar ya ƙone, kuma jikan ya koma makaranta a makare da kuɗin da aka ranto. Babban ɗan ya yi mako guda yana gaida mahaifinsa a tsaye.

Da hutu ya sake zagayowa jikan ya dawo da sababbin finafinai, amma ya yi kwana biyu bai je shagon mai caji ba. A dare na uku dattijon ya aika yaro ya kira shi. Ya zo ya zauna a ƙarshen benci, ya kunna wayar ba tare da ya ce komai ba. Aka yi bincike, aka auna jini, aka bi mota, aka iso ƙofar da ke kulle. Ƙaton ya ja da baya zai kai mata duka.

"Matso da ita ta nan," in ji dattijon, yana juyo da kunnen dama. "Ga Samanja nan."